Makullin sitiyarin Corvette C5: hanyoyi shida na rabuwa da matsalar, da wadda ta dace da kai

Wanda ya mallaki Chevrolet Corvette ƙirar C5, wato waɗanda aka ƙera a Bowling Green ta jihar Kentucky daga 1997 zuwa 2004, ko dai ya riga ya sha fama da makullin sitiyari, ko kuwa yana jiran ranarsa. Wajen gudu motar ba ta da abin kushewa. Injin LS1 ne mai silinda takwas, lita 5.7, ƙarfin doki 345 a farkon fitowarta, nau'inta mafi ƙarfi, Z06, kuma ta kai 405 daga 2002. Amma duk wannan ƙarfi, wata 'yar sakata ta ƙarfe tana iya zaunar da shi a bakin ƙofar gida. Ka murɗa makulli, inji ya tashi, sai allon gaban direba ya rubuto "Pull Key Wait 10 Sec" ko "Service Column Lock". Wani lokaci sitiyarin ya ƙi motsi ƙememe. Wani lokaci yana juyawa lafiya lau, amma da taya ta fara birgima sai inji ya mutu. Daga nan sai neman janwe.

Magunguna suna da yawa, kuma yawan nasu ne ke rikita mutum. Wannan ya ce ka kai wa dila, wancan ya ce ka sayi 'yar na'urar da ake kira CLB, wani ya rantse babu kamar LMC5, wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, a cire faifan makullin a huta. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, sai dai ba ciwo ɗaya suke magancewa ba.

Yadda makullin yake aiki

A yawancin motocin wancan zamani, ramin makulli a jikin sandar sitiyari yake, kuma hannunka ne ke janye sakatar idan ka murɗa. A C5 an kai ramin makullin jikin dashbod, don haka aka ɗora wa lantarki aikin. Bayan sitiyarin akwai faifan ƙarfe mai ramuka a gefe. Kusa da shi akwai ɗan injin lantarki da ke turo sakata cikin ɗaya daga ramukan idan ka zare makulli, ya janye ta idan ka mayar. Mai ba shi umarni ita ce kwamfutar jikin mota, BCM, wadda ke ɓoye a ƙasan inda fasinja ke miƙe ƙafa. Soket ɗin makullin wayoyi huɗu ne: biyu na kai wa ɗan injin wuta, ɗaya ta ƙasa, ɗaya kuma ita ce ke maido wa BCM labarin ko sakata ta fita ko ta koma.

A wannan waya ta huɗu rigimar take. Idan BCM ba ta ji labarin cewa an buɗe ba, sai ta sanar da kwamfutar inji, PCM, ita kuma ta yanke mai da zarar gudu ya kai wajen mil 2 a awa, kimanin kilomita 3. Hikimar ita ce kada mutum ya hau titi da sitiyari a kulle. To amma kwamfuta ba ta da ido. Sakata na iya komawa daidai, labarin ya ɓace a hanya, motar ta ƙi tafiya alhali babu abin da ya riƙe sitiyarin.

Ke nan matsala biyu ce a riga ɗaya. Akwai ta ƙarfe: sakatar da ke iya maƙalewa. Akwai ta saƙo: kwamfutar da ba ta gamsu ba. Ta farkon tana iya jawo haɗari, ta biyun tana barin ka a tasha. Duk hanyar da aka kawo maka, fara tambayar wacce daga cikin biyun ta kashe.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, shin hanyar ta hana sakata sake taɓa faifan, kuma ta wace fuska: ta hanyar yanke mata wuta, ko ta hanyar kawar da abin da take kamawa? Na biyu, shin ta gamsar da BCM har a daina rubutun gargaɗi da yanke mai? Waɗannan biyun su ne gaba.

Sai kuɗi. A nan tazarar tana da faɗi, daga kyauta zuwa ɗaruruwan daloli, kuma mafi tsada ba shi ne mafi amfani ba. Sai ƙarko, wanda a wannan mota ma'anarsa ɗaya ce: me zai faru ranar da batir ya yi sanyi? Mota irin wannan ba kullum ake hawanta ba. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara takan yi watanni a gareji, kuma C5 tana shan wuta a hankali ko tana ajiye. Maganin da ke aiki sai batir na cike kawai, rabin magani ne.

Sai sauƙin aiki da haɗarin da ke cikinsa. Akwai wanda mutum zai yi da sukudireba da tocila, akwai wanda sai an sauke jakar iska. Na ƙarshe, ko ana iya mayar da motar yadda kamfani ya fito da ita, ga mai ajiye ta don tarihi ko don sayarwa.

Kafin a kashe ko sisi

A auna batir. Wannan ba ya cikin zaɓuɓɓukan, sharaɗi ne a kansu duka. Lafiyayyen batir da ya kwana ba a taɓa shi ba yakan nuna wajen volt 12.6. Idan ya sauka sosai ƙasa da haka, yana iya tada inji amma ya gaza wadatar da ɗan injin makullin da kwamfutocin a lokaci guda, sai lissafin BCM ya rikice. Mutane da yawa sun sayi na'ura alhali batir ne ya tsufa ko kan wayarsa ya yi tsatsa. A C5 batirin yana cikin ɗakin inji ta ɓangaren fasinja, kuma PCM na ƙarƙashinsa, don haka idan ka ɗaga shi ka duba ko ya taɓa yoyon ruwa. Wannan wata tsohuwar cuta ce ta motar, ta cinye wayoyi da yawa.

Motar kuma tana faɗin abin da ke damunta ba tare da an jona mata komai ba. Ka kunna makulli ba ka tada inji ba, ka danne maɓallin Options, ka latsa Fuel sau huɗu, lambobin matsala za su fito a allo sashe bayan sashe. Waɗanda suka shafi makullin suna ƙarƙashin BCM, irin su B2587 da B2592.

Sannan ka shigar da lambar shasin motar (VIN) mai harufa 17 a shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ka ga ko an taɓa yi mata gyaran kamfani. Amsar tana canja abin da za ka tarar a ƙarƙashin sitiyari.

1. Gyaran kamfani a wurin dila

General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya san da matsalar. Tun 2001 ya fara kiran wasu motocin, a 2004 kuma ya yi babban kiranye mai lamba 04006 da ya shafi motoci sama da 120,000: masu giyar hannu na 1997 zuwa 2004, da masu otomatik na 1997 zuwa 2000. Otomatik na kasuwar Amurka daga 2001 ba sa ciki, domin kamfanin ya riga ya daina kulle musu sitiyari.

Me ya sa aka bambanta? Dokar Amurka ta hana satar mota, FMVSS 114, ta ce idan an zare makulli dole motar ta kasa ɗaya daga abu biyu, ko juya sitiyari ko tafiya da kanta. Otomatik tana cika sharaɗin da giyarta da ke kulle a P. Mai giyar hannu ba ta da wannan, shi ya sa aka bar mata sakata. Don haka a kiranyen, otomatik aka cire mata faifan, aka saka wani guntun waya mai rile (ɗan makunnin da wuta ke juyawa) a jiki da ake kira Harness K. Mai giyar hannu kuwa, babban abin da aka yi mata shi ne sabunta manhajar PCM domin yanke man ya riƙa aiki ba fashi, ko da yake wasunsu ma an saka musu Harness K ɗin.

Ka lura da wannan da kyau. Ga mai giyar hannu, gyaran bai kawar da matsalar ba, ya sauya mata kama ne. An rage yiwuwar ka tafi da sitiyari a kulle, an ƙara yiwuwar motar ta ƙi tafiya. Ta fuskar tsare rai daidai ne, ta fuskar mai mota kuwa ƙorafi ya ƙaru, har kamfanin ya sake gyara umarnin kiranyen fiye da sau ɗaya. Rilen Harness K shi ma yana tsufa, kuma idan ya mutu saƙon gargaɗi na dawowa ko da babu sauran faifan da sakata za ta kama.

Kuɗi: kyauta ne idan ba a taɓa yi wa motar ba, amma bayan shekara ashirin kaɗan ne suka rage a haka. Idan an riga an yi, komawa dila aikin biya ne. Wanda motarsa ta bar Amurka kuma, wannan ƙofar kusan a rufe take gare shi.

2. Sauya ɗan injin makullin da sabo

Wannan shi ne mayar da komai yadda yake. Sai an sauke jakar iska da sitiyari kafin a kai gare shi, kayan da aikin kan ci ɗaruruwan daloli, kuma sabon kaya na asali yana ƙara wuyar samu. Bayan duk wannan, tsarin da ya ba ka matsala shi ne dai aka maido maka, yana jiran batir ya sake yin sanyi. Ban ga dalilin bin wannan hanya ba sai ga mai son motar ta zauna tamkar ranar da ta fito daga masana'anta.

3. Na'urar CLB a ƙarƙashin sitiyari

Ita ce tsohuwar dabarar masu motar, kuma ta yi shekaru tana ceton mutane. 'Yar aba ce mai soket irin na makullin. Ka cire murfin da ke gaban gwiwar direba, ka zare soket ɗin makullin, ka cusa na CLB a madadinsa ta ɓangaren da ke zuwa BCM. A cikinta akwai rile mai riƙe matsayinsa. BCM ta aiko umarnin kullewa, rilen ya juya ya amsa cewa an kulle. Ta aiko na buɗewa, ya juya ya ce an buɗe. Ita kuwa sakatar gaskiya an raba ta da wuta, tana zaune a janye.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: sai sitiyari yana buɗe za a zare soket ɗin. Idan ka zare shi sakata na waje, ka kulle motarka da hannunka. Shi ya sa ake haɗa na'urar da wata wayar buɗewa da ake jonawa a ramin kunna sigari, tana ba ɗan injin wuta kai tsaye ya janye sakatar. Idan ta maƙale, jijjiga sitiyarin hagu da dama da ƙarfi yayin da ake ba ta wuta yakan sake ta. Bayan an gama, a juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe mota na tsaye, makulli a ciki, sannan makulli a waje. In dai aikin ya yi, ba zai ƙara kullewa ba ko an zare makulli.

Farashinta bai kai dala 100 ba, aikin kuma bai cika wuce awa guda ba, ko ga wanda bai saba ba. Ba a yanka waya, don haka ana iya mayar da komai.

Rauninta biyu ne. Na ɗaya, ba ta jituwa da Harness K. Idan an taɓa yi wa motar gyaran kamfani, sai an lalubo wannan guntun waya an cire kafin a saka CLB, kuma da yawa daga masu cewa "na saka bai yi ba" a nan suka tuntuɓe. Na biyu, rile abu ne mai motsi da ke buƙatar isasshiyar wuta. Idan batir ya yi ƙasa a daidai lokacin da BCM ta aiko umarni, rilen na iya ƙin juyawa, sai ya zama BCM na jiran "a buɗe" shi kuma yana cewa "a kulle". Sitiyari ba zai kulle ba, wannan kam an wuce wurin, amma rubutun gargaɗi da yanke mai na iya dawowa har sai an caja batir an sake daidaita su. Wato ta kashe matsalar ƙarfe, ta saƙo kuwa ta rage ta ne sosai, ba ta tumɓuke ta ba.

4. Na'urar LMC5 a jikin BCM

Wannan ta zo daga baya, kamfanin Compliance Parts ne ke yin ta, kuma a yau ita ce sunan da aka fi ambata idan zancen ya taso. Bambancinta da CLB wurin zama ne. Maimakon a tare saƙon a can ƙarshen waya kusa da sitiyari, sai a tare shi a bakin BCM ɗin kanta. Ana ɗaga shimfiɗar ƙasan fasinja, a buɗe murfin da ke rufe BCM, a zare wasu 'yan wayoyi daga soket ɗinta da wani siririn ƙarfe da ke zuwa tare da kayan, a cusa na LMC5 a gurbinsu.

Amfanin wannan a fili yake. Duk abin da ke tsakanin BCM da sitiyari, tsofaffin wayoyi, rilen kamfani, Harness K idan akwai, an tsallake shi gaba ɗaya. Ba sai ka binciki tarihin gyaran da masu motar na baya suka yi ba, wanda a mota mai shekara ashirin da wani abu da ta ratsa hannu huɗu ko biyar ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin da masu motar suka fi yaba mata shi ne ba ta cika rikicewa ba bayan batir ya mutu an sake caja shi.

Farashinta na kusa da na CLB, ƙasa da dala 100, kuma ana iya sayenta da wayar buɗewa. Sharaɗin nan na nan daram: sitiyari a buɗe kafin a fara, batir a cire kafin a taɓa soket.

Wahalarta ta jiki ce da ta ido. Za ka kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin dashbod, ƙafa a waje, a motar da ta kusa taɓa ƙasa. Wayoyin sirara ne, launukansu sun yi kama, ramukan soket ɗin kuma ƙanana. Wanda ya yi garaje ya karya ɗan haƙorin da ke riƙe waya, ko ya cusa waya a ramin da ba nata ba, ya taɓa kwamfutar da ke kula da fitilu, ƙofofi da tsaron motar. Aikin CLB kuskurensa mai sauƙin gyara ne, na LMC5 yana iya kai ka ga mai wayarin. Ka ɗauki hoton soket ɗin kafin ka zare komai, ka bi takardar da ta zo da kayan, domin tsarin wayoyin ya ɗan bambanta tsakanin shekaru. Idan hannunka ba ya jure ƙaramin aiki, biyan mai wayarin na awa guda bai zama asara ba.

5. Cire faifan makullin

Duk na'urorin can biyu sun dogara ne da cewa sakatar da aka raba da wuta za ta zauna inda aka bar ta. A aikace haka take yi. Amma akwai mutumin da zuciyarsa ba za ta kwanta ba muddin sakata da faifai suna maƙwabtaka a bayan sitiyarinsa, musamman mai kai motar filin tsere yana shan kwana a gudun da ya haura kilomita 150. Ga irinsa, maganin shi ne wanda kamfanin ya yi wa otomatik: a cire faifan mai ramuka a saka wanda ba shi da su. Ko sakata ta fito, iska za ta kama.

Wannan ita kaɗai ce hanyar da ta kashe matsalar ƙarfe har saiwa. Sai dai ko kusa ba ta taɓa ta saƙo ba. BCM na nan tana jiran labari, don haka dole a haɗa da CLB, LMC5 ko Harness K.

Aikin kuma ba na koyo ba ne. A cire batir a jira, a sauke jakar iska a ajiye ta fuskarta na kallon sama, a ciro sitiyari da abin jansa, a danne faifan da nasa kayan aikin kafin zoben da ke riƙe shi ya fita. Akwai kuma naɗaɗɗiyar wayar nan ta bayan sitiyari mai kai wuta ga jakar iska da ham. Idan aka bari ta juya ba a tsakiya ba, ranar da ka karya kwana sosai za ta tsinke. Faifan ba shi da tsada, aikin ne ke cin awoyi da kuɗi. Lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne idan dama za a sauke sitiyarin don wani dalili.

6. Saita PCM ta daina yanke mai

Masu saita inji da manhajoji irin su HP Tuners suna iya ɗaga wannan iyaka ta mil 2 zuwa wajen mil 255, gudun da motar ba za ta taɓa kaiwa ba. Daga nan ko BCM ta yi ta ƙorafi, inji ba zai mutu ba. Idan dama za a saita injin, ƙarin aikin 'yan mintoci ne.

A matsayin ƙari a kan na'ura, dabara ce mai kyau: ko na'urar ta rikice wata rana, za ka isa gida. A matsayin magani shi kaɗai kuwa, ita ce mafi haɗari a duk jerin. Sakata na nan da wutarta, kai kuma ka kashe abin da aka saka don hana ka tafiya da sitiyari a kulle. Kada a yi wannan sai an riga an raba sakata da wuta ko an cire faifan.

| Hanya | Sakata | Saƙon kwamfuta | Kuɗi | Aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran dila | An cire faifanta a otomatik, tana nan a yawancin masu giyar hannu | Na iya dawowa | Kyauta idan ba a taɓa yi ba | Na dila | Mota ta ƙi tafiya |
| Sabon injin makulli | Tana nan | Ya gyaru na wani lokaci | Ɗaruruwan daloli | Babba | Matsalar ta dawo |
| CLB | An yanke mata wuta | Ya gyaru, amma raunin batir na rikita shi | Ƙasa da dala 100 | Mai sauƙi | Mantawa da Harness K |
| LMC5 | An yanke mata wuta | Ya gyaru | Ƙasa da dala 100 | Matsakaici | Kuskuren waya a BCM |
| Cire faifai | Babu abin da za ta kama | Bai taɓa shi ba | Kaya araha, aiki da tsada | Babba | Jakar iska da wayar bayan sitiyari |
| Saita PCM | Tana nan | An hana yanke mai kawai | Ya danganta da mai saitin | Na ƙwararre | Tafiya da sitiyari a kulle |

Batun ɓarawo

Tambayar da kowa ke yi ke nan: idan na kashe makullin, ban buɗe wa ɓarawo ƙofa ba? Ka rage shinge ɗaya, wannan gaskiya ne. Ana iya tura motar a juya ta a ɗora a bayan babbar mota cikin sauƙi fiye da da. Amma abin da ke hana a tada injin C5 ba makullin sitiyari ba ne. Tsarin PASS-Key ne, ɗan baƙin ƙwayar nan da ke jikin makulli wanda motar ke auna shi kafin ta yarda ta tashi, kuma babu ɗaya daga hanyoyin nan shida da ya taɓa shi. Chevrolet da kansa, bayan ya saka makullin lantarki a C6 (ƙirar da ta gaji C5) mai giyar hannu ta 2005, ya watsar da shi daga 2006. Wanda ke ajiye mota a titi ya sayi sandar ƙarfen nan da ake maƙalawa a sitiyari, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa canjin da ya yi.

Masu Marsandi C-Class ƙirar W204 a Kano ko Abuja za su ji labarin nan kamar nasu, domin su ma ɗan injin makullin sitiyarinsu yakan mutu, a murɗa makulli shiru, a ƙarshe a saka na'urar da ke kwaikwayonsa. Amma kada a ɗauki darasin Corvette a kai can kai tsaye. A Marsandi makullin yana cikin tsarin tantance makullin motar, sai mai kwamfuta ya haɗa sabuwar na'urar da motar kafin ta yi aiki. A C5 waya ɗaya ce ke cewa "a buɗe" ko "a kulle", shi ya sa maganin ya yi araha haka.

Wa ya dace da wacce

Idan motarka mai giyar hannu ce, kana hawanta a titi, ba ka kuma san abin da masu ita na baya suka yi mata ba, LMC5 da lafiyayyen batir su ne zaɓina. Kada ka jira sai saƙon ya fito. Saka ta sitiyari na buɗe aikin awa guda ne, saka ta bayan ya kulle a wurin ajiye motoci na kasuwa wani labari ne daban.

Idan kana tsoron taɓa soket ɗin BCM, ko kana son abin da za ka iya zarewa cikin minti goma ranar sayarwa, CLB ta isa, da sharaɗin ka leƙa ka tabbatar babu Harness K, kuma ka saka wa batirin cajar nan mai ba shi wuta kaɗan-kaɗan duk lokacin da motar za ta daɗe a ajiye. Wanda ya riga yana da CLB tana aiki shekara da shekaru, babu dalilin ya taɓa ta.

Mai otomatik ta 1997 zuwa 2000 da aka yi wa gyaran kamfani ba shi da fargabar kullewa, tunda faifan ya tafi. Idan saƙon ya dame shi, rilen Harness K ne abin zargi na farko bayan batir, kuma kowace daga na'urorin biyu za ta rufe zancen. Idan ba a taɓa yi mata ba, ya fara da dila, tunda ba zai biya ba.

Mai zuwa filin tsere ya haɗa uku: faifai a cire, na'ura a saka, iyakar yanke mai a ɗaga. Dama irinsa yakan sauya sitiyari ya kuma saita inji, don haka biyu daga ukun kusan a kan hanya suke.

Mai ajiye mota don tarihi, wanda ke son kowane ƙusa ya zama na asali, shi ne kaɗai zan ce ya sauya injin makullin. Ko shi ma, da zai saka CLB ya adana tsohon soket ɗin a wurinsa, babu mai gani sai ya cire murfin gaban gwiwa.

Wanda kuma yake shirin saye, ya yi gwaji ɗaya a gaban mai motar: ya kashe inji, ya zare makulli, ya saurara. Idan ya ji 'yar ƙarar inji daga sandar sitiyari, sannan sitiyarin ya kulle da ya juya shi, makullin na nan da ransa, sai ya saka kuɗin na'ura da na sabon batir a cikin cinikin. Idan bai kulle ba, ya tambayi wace hanya aka bi, ya nemi a nuna masa na'urar ko takardar dila.